Jirginku Ya Sauka Lafiya, Mun Ji, To Ya Jikin?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Jiragen Sama na Shamuwa, uban matuƙa, maigidan gajimare, mai murmushi a allon talla na bakin titi, wanda ba a samunsa a waya, ranka shi daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi gwargwadon abin da ya rage mini, ina fatan kana lafiya. Ina fatan iyali suna lafiya, ma'aikata suna lafiya, jirage suna lafiya, musamman injin nan na ɓangaren hagu, Allah ya ƙara masa sauƙi. Ba sai ka wahalar da kanka da amsa ba, na san ta. Lafiya lau. Ni ma da za ka tambaye ni, abin da za ni ce ke nan. A kan wannan kalmar ma na zauna rubuta maka.

Sunana Hafizullahi Maliki, daga Unguwar Lalle ta ƙasar Sabon Birni. Rumfar cajin waya gare ni a bakin kasuwa. In ka ga kuskure a rubutuna ka yi haƙuri, an rufe makarantarmu tun ban kai ko'ina ba, sauran karatun a jikin kwalin magani na ƙarasa shi, da jaridar da ake naɗe tsire, da labaran da ke cikin waya. Sai dai ina karantawa, kuma abin da na karanta ba ya fita kaina. Sanarwarku ma na karanta ta har na haddace.

Bari in gaya maka abin da ya faru, tunda na lura a ofishinka ba a shigo maka da komai sai alheri.

Ƙanwata Zulaihatu tana aure a Ikko, wurin Abdurra'uf mai sayar da albasa. Ta haihu, haihuwar fari, mace. A al'adarmu gida ya kamata ta zo tun cikin ya tsufa, uwa ta kula da ita, ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa. To amma ka san hanyarmu, ko da yake wataƙila ba ka sani ba, tunda kai ta sama kake wuce ta. Babu mai hankalin da zai ɗora mai ciki a kan hanyar nan. Sai aka yanke cewa uwar ce za ta tafi. Abdurra'uf ya yanki tikitin jirginku ya aiko.

Mahaifiyarmu, Inna Kande, ba ta taɓa hawa abin da ya fi motar itace tsawo ba. Da na kai mata labari, tambaya ɗaya ta yi, irin wadda duk mutumin ƙasarmu ke yi kafin ya sa ƙafa a mota: "Wa ka tuƙa shi? Ɗan gidan wa ne?" Na ce mata jirgi ba a yi masa wannan tambayar. Ta ce, "To mi aka tambaya?"

Ni na tsaya muku, ranka shi daɗe. Na karanta mata cewa a duk duniya babu abin hawan da ya kai jirgi aminci. Na gaya mata akwai masu duba shi kafin ya tashi, akwai kuma masu duba masu dubawar. Na ce a sama babu rami, babu shinge, babu mai fitowa daga daji a kan babur ya tsayar da ku. Wannan ta ƙarshen ce ta kama ta. Ta tashi ta fara ɗaura kaya: kanwa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, da zanen goyon da ta ajiye tun ranar ɗaurin auren Zulaihatu. Ba ku san da ni ba, ba ku aike ni ba, amma babu ɗan tallan da ya taɓa yi muku aikin da na yi muku a tsakar gidanmu.

Muka kamo hanyar Sakkwato, kowa a cikin motar bakinsa na motsi tun daga gida har muka ga gari. Na raka ta filin jirgi, na miƙa ta, na koma jikin shinge na tsaya don in ga tashinta. Jirgin ya tashi ina kallo, da hoton shamuwa a wutsiyarsa. Ban gama cin gyaɗar da na saya ba sai ga motocin kashe gobara sun fito a guje. Na ɗaga kai, ga shamuwarku ta dawo, a karkace, tana jan baƙin hayaƙi ta hagu kamar an cinna wa bola wuta. Na yarda kun ci sunanku, don mun san shamuwa da dawowa gida. Ban dai taɓa ganin wadda ta juyo tun ba ta je ko'ina ba.

Ba za ni gaya maka abin da na faɗa kafin ta sauka ba. Wannan tsakanina da shingen ne.

Da aka fito da fasinjoji, wasu na kuka, wasu sun faɗi sun yi sujada a kan kwalta, sai ga Inna ta taho cikin natsuwa da ƙullinta a kai, tana dube-dube, tana cewa, "Ashe Ikko kusa ta ke! Ji zafi, kamar Sakkwato." Sai ta hango ni. Ta tsaya, ta riƙe haɓa. "Kai Hafizu, ta ina ka biyo har ka riga ni?"

Mutanen da ke wurin sun yi dariya. Ni ma da uwar wani ce da na yi. Ta ji ƙara kamar an fasa randa, ta ji ƙauri, ta ga hayaƙi ta taga, ta ga ma'aikata na kai da kawo suna murmushi, sai ta ɗauka haka jirgi yake tafiya. Babu wanda ya gaya mata akasin haka. Ni, a bakin shinge, ni na gaya wa uwata cewa ta kusa mutuwa. Na ga lokacin da maganar ta shige ta. Ta sauke ƙullin, ta zauna a kansa.

To ga koke-kokena, cikin girmamawa.

Na ɗaya, sanarwarku. Da yammar ranar kuka fitar da ita, layi biyu tak: jirginku ya koma Sakkwato saboda 'yar matsala, kuma ya sauka lafiya. Madalla da wannan hikima. Ina so ka kira wanda ya rubuta ta ka ƙara masa girma, sannan ka gaya masa ya kawo kayansa kasuwar da ba ta dace ba. Ranka shi daɗe, mu za a sayar wa "lafiya"? Mu muka ƙera ta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ranar da zai rasu maƙwabta sun shigo gaishe shi, ya ce musu lafiya lau, jiki da sauƙi. Ƙauyen da aka kwashe wa shanu kaf, ka shiga da safe ka ce an kwana lafiya, kowa zai ce maka lafiya lau. Mace na naƙuda, ka gaishe ta, lafiya lau. Ba ƙarya muke yi ba. Ƙofa ce. Kalmar nan ƙofa ce kawai da ake buɗewa kafin a shiga zance. Bayanta sai a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a yi ɗan shiru, sannan mai zuwa ya rage murya ya ce, to, ya jikin? A nan ne ake gaya masa inda ke ciwo, da abin da aka sha, da wanda ya duba. Duk wanda ya ce maka lafiya lau sannan ya ja ƙyaure ya rufe, ko dai ya raina ka, ko kuwa akwai abin da ke bayan ƙyauren da ba ya so ka gani. Wanne ne naku? Ina tambaya ne don in san wanda za ni gaya wa Inna.

Wasiƙar nan dai ita ce tambaya ta biyu. Na shimfiɗa tabarmar da kaina, tunda ku ba ku da ita.

Na biyu, harshe. Ina sauraren tallanku a rediyo, kusan kullum, tsakanin labarai da sanarwar rasuwa. Hausa ce tsantsa, har da kalangu, har da wani mai murya kamar zuma yana cewa mu zo mu hau, tsuntsuwarmu ce ta gida. Ashe Hausar a bakin ƙofar jirgi take sauka. Da aka rufe ƙofa, wata 'yar kirki ta tsaya a gaba ta ɗaga wata riga mai ruwan ƙwai, ta saka, ta ja igiya, ta hura wani bututu, tana magana da Turanci cikin sauri kamar ana bin ta. Inna ta ɗauka talla ake yi, har ta ce a ranta launin bai dace da mai jego ba. Da injin ya yi ƙara, matuƙin ya yi magana, doguwa kuwa, duk da Turanci. Wanda ke zaune kusa da Inna wani Alhaji Abdulgani ne, mutumin Turba, mai fataucin kaya zuwa Maraɗi. Yana jin Hausa, yana jin Fillanci, yana jin Faransancin kasuwa, yana karanta Larabci. Harsuna huɗu a bakin mutum ɗaya, amma ya rantse mini bai tsinci komai ba, sai dai ya ga mai kwat ɗin da ke gabansa ya fara kalmar shahada, shi ma sai ya kama. Ta haka labari ya isa kujerun baya, daga shahada zuwa shahada. Inna kuwa da ta ji ana yi, ta yaba da tsoron Allah na matafiyan zamani.

Ina neman ƙarin haske, ranka shi daɗe. Wane sashe ne na kamfaninku ya tsara cewa a kira mu da Hausa, a sanar da mu mutuwarmu da Turanci? Ko kuwa tausayi ne, don kada talaka ya tsorata? In tausayi ne mun gode. Sai dai mutumin da ya taso a ƙasar Gobir cikin shekarun nan ba tsoro ne bai iya ba. Ya iya shi fiye da kowa, ya san yadda ake riƙe shi. Abin da ba ya jurewa shi ne a tsorata a gabansa a ƙi gaya masa dalili.

Na uku, 'yar matsalar. Wannan "'yar" ta burge ni. 'Yar wa ce? Nawa girmanta? Ta yi wayo? Ni dai na gan ta da idona, hayaƙinta ya kai tsawon layin 'yan hatsi na kasuwarmu. In wannan ce 'yar, ina roƙo da girman Allah kada ku haɗa mu da uwar.

Kuma tunda ba ku ba ta suna ba, mutane sun raɗa mata. Ka zo rumfata ka ji. Wani ya ce tsuntsu ne ya faɗa injin. Wani ya ce ɓera ne ya ci waya. Wani ya ce man bakin hanya kuka sha, mai haɗe da kananzir. Wani ya ce jirgin tsoho ne, an yi masa ritaya a wata ƙasa kuka sayo kuka shafa masa fenti kamar tsohuwar da za a kai biki. Wani malami ya ce hanyar da kuke bi ta ratsa ta kan kufan Alkalawa, tsohon birnin Gobir, kuma aljanun wurin ba sa son a ƙetare su ba sallama. Mata a gidan suna kuwa sun yanke hukunci cewa daddawar Inna ce ta bugi injin. Kowa na da tasa, kuma kowa ya fi ku bayani. Ni da na karanta, na san tsuntsu na iya shiga injin ko na wane kamfani ne, na san jirgi na iya sauka da inji ɗaya, na san juyowar da matuƙin ya yi ita ce daidai. Na faɗa musu. Suka ce, to Hafizu malamin jirgi, wanne ne ya faru a cikinsu? Ni, da ba a taɓa rufe mini baki a kasuwar nan ba, kamfaninku ya rufe mini shi da layi biyu.

Ka sani kuma, tsofaffin da ke tara guzurin Umara a garinmu yanzu sun fara tambaya ko har yanzu ana zuwa Makka ta ƙasa.

Na huɗu, na neme ku. Kada a ce ban bi ta ƙofa ba. Na kira lambar da ke jikin tikiti, wata murya ta ce kirana na da muhimmanci, ta saka mini kiɗa. Na sha kiɗa har wayar ta mutu, ni mai rumfar caji. Na koma Sakkwato, a kan hanyar nan dai da na gaya maka, na sami wani ma'aikacinku a bayan gilashi, mai fara'a, mai ƙamshi. Ya ce ana bincike. Allahu akbar. Ranka shi daɗe, "ana bincike" ƙanwar "lafiya lau" ce, ciki ɗaya suka fito. Mun san ta, a ƙasarmu ta girma. Ba mu taɓa ganin ranar da ta gama ba.

Na tambaye shi jirgin fa, ina yake? Ya ce yana kan aiki. Wato mai jikin ya miƙe, ya koma gona, amma har yanzu ana binciken abin da ya kwantar da shi. Ka lura, ban ce ba a gyara ba. Mai yiwuwa an gyara shi gyara mai kyau, mai yiwuwa ya fi da lafiya. Cewa na yi ba a faɗa ba. Wa ya gyara? Me ya canza? Wa ya duba bayansa ya ce a ɗauki iyayen mutane? Ko akuya ce ta yi rashin lafiya ka kai ta kasuwa, mai saye zai tambaye ka me ta ci, me ka ba ta. Mu da za mu shiga cikin akuyar a rufe ƙofa, ba mu da wannan haƙƙin?

Na biyar, matuƙin. A nan za ni sauke murya, don shi ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Bawan Allah nan ya sauko da jirgi mai cin wuta ya ajiye shi a hankali, har uwata ta ɗauka Ikko ce. Da hankalinta ya dawo, abin da ta fara tambaya shi ne tambayarta ta farko: ɗan gidan wa ne? Tana so ta san sunansa da sunan ubansa ta saka su a addu'a. Ta ware masa ƙullin daddawa, yana nan rataye a ɗakinta. Na tambayi mai ƙamshin bayan gilashi, ya ce ba a ba da sunan ma'aikaci, doka ce. Ka ga ikon Allah. Abu ɗaya mai kyau da ya fito daga ranar nan, shi ma kun kulle shi ɗaki ɗaya da ɓarnar. Inna yanzu sai dai ta ce, "Allah shi yi wa yaron nan albarka, shi da ubanai, ko wane ne." Da kun bar mata sunan mutum ɗaya da za ta riƙe, wallahi da ta sake hawa.

Na shida, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Kun aiko saƙo ta waya cewa an tanadar wa Inna kujera a wani jirgin, duk ranar da ta ga dama, tare da ba da haƙuri kan jinkirin da aka samu. Jinkiri! Na karanta mata. Ta ce a gode muku. Ta ce za ta tafi Ikko, don jikarta ba za ta yi arba'in ba tare da hannun kaka ya taɓa ta ba, kuma Zulaihatu na can tana kuka a waya, wata maƙwabciya ce ke taimaka mata da ruwan zafi. Za ta tafi, amma a motar Ɗanmusa.

Bari in gabatar maka da abokin takararka. Ɗanmusa direba ne a garinmu, yana ɗaukar kaya da mutane zuwa kudu. Kada ka ɗauka mutumin kirki za ni zana maka. Mai gudu ne, mai rantsuwa ne, yana tuƙi yana cin goro yana faɗa da wanda ke bayansa. Ƙofar motarsa da igiyar guga aka ɗaure ta. Gilashin gaba ya tsage kamar ƙasar fadama da rani. Sai an tura take tashi, kuma fasinja ne ke turawa. Hanyar da zai bi ta Isa ce, ta Shinkafi, ta dazukan da ba ma ambaton sunansu da ƙarfi, sannan ya miƙa kudu, tafiyar da ke karya ƙashin saurayi balle tsohuwa. Kowa a garinmu ya san wani da ya shiga hanyar nan bai fito ba, ko ya fito bayan an sayar da gonar gidansu.

Na yi mata magiya. Na sa liman ya yi mata. Na ce Inna, ko da abin da ya faru, jirgin nan ya fi motar Ɗanmusa aminci nesa ba kusa ba. Kuma gaskiya na faɗa, ranka shi daɗe, wannan ne ke ƙona mini rai. Har yau, da hayaƙinku da komai, ni na san kun fi shi. Na zama lauyan mutanen da suka ƙi ɗaukar wayata.

Ka san me ta ce? Ta ce, "Motar Ɗanmusa na ga ciwonta da idona, na san inda za ni dafa. In ta tsaya, shi na sauka shi ce muna ga abin da ya lalace, ko da rabi ƙarya ne. In kuma ya kashe ni, kun san gidan ubanai, za su zo su zauna muku makoki. Su waɗanga fa? Ina ƙofar gidansu? Wa zai zo?" Na ce za su fitar da sanarwa. Ta ce, "Su ce na sauka lahiya?"

Na yi karatun kwali, na yi na jarida, na yi na waya, ban sami amsar wannan ba. Kai da ka yi na jami'a, taimaka mini.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne. Ba diyya nake nema ba, ba kujerar gaba ba, ba lemun kwalba da biskit ɗin da kuka raba wa mutane a ranar ba, ko da yake Inna ta ce biskit ɗin ba laifi. Ku koma gidan rediyon nan da kuke tallanku, ku sallami mai kalangu na rana ɗaya, ku sa mutum mai suna da sunan uba ya yi magana da Hausa. Ya ce ga abin da ya lalace, ga dalili, ga wanda ya gyara, ga wanda ya duba. In laifinku ne ku ce laifinku ne. Ba za mu mutu don mun ji ba, mun ji waɗanda suka fi shi. In ba ku sani ba tukuna, ku ce ba mu sani ba tukuna, kuma jirgin yana ajiye har sai mun sani. In kuwa duk wannan ya yi wa kamfani nauyi, akwai hanya mai sauƙi, irin tamu ta ƙauye. Mai mota in yana so a yarda da motarsa, nasa yake sakawa a gaba. Ka kawo Hajiya mahaifiyarka, Allah ya ƙara mata lafiya, ka zaunar da ita kusa da Inna, a wannan jirgin, a ɓangaren hagu, wajen taga. Ba sai an yi sanarwa ba. Inna na ganinta za ta ɗaura ɗamarar kujera da kanta, har ta ba ta goro.

Ɗanmusa zai tashi ranar Laraba da safe. Inna ta riga ta aika masa da ƙullin kanwa don a kama mata wuri, kuma ta sa an wanke zanen goyon saboda ƙaurin hayaƙinku ya kama shi. Rediyona a kunne yake, wayata cike take da caji, wannan kam ba ni da uzuri. In na ji muryarku kafin Laraba, za ni kai mata har ɗaki, in durƙusa in sake tsaya muku, duk da abin da kuka yi mini. In ban ji ba, za ni ɗauki ƙullinta in raka ta tasha, in tura motar tare da sauran fasinjoji har ta tashi, in tsaya ina kallon igiyar ƙofar nan har ta ɓace.

Bayan nan, idan wata rana Allah ya sa kiɗan wayarku ya ƙare, wani daga ofishinka ya kira don jin ra'ayin abokan hulɗa, ya tambaye ni ya Inna ta isa, kada ka damu, ba za ni ba kamfani kunya ba. An yi mini tarbiyya. Za ni ce masa lafiya lau, in kashe wayar.

Allah ya ja zamaninka, ya ɗaukaka ka sama da inda jiragenka ke kaiwa, ya kuma sauko da kai inda ka nufa, ba inda ka taso ba.

Naka mai biyayya, mai jiran tambaya ta biyu ta sami amsa,

Hafizullahi Maliki
Rumfar caji, bakin kasuwa,
Unguwar Lalle, Sabon Birni.